Yadda Ake Saita Wayoyin Aiki Ga Masu Kula Da Ƙananan Yara

Darasin yau ya samo asali ne daga wani gyara da aka kira ni a wata makarantar nazare da ke kusa da Zandam, a ƙaramar hukumar Gwaram. Makarantar na da wayoyi uku a hannun malamai, cikinsu akwai rajistar yara, lambobin iyaye, da bayanin yaran da ke shan magani. Ɗaya daga cikin malaman ta yi aure ta tare a Bauchi, ta bar wayar. Babu wanda ya san lambar buɗe allon, sai wani ya goge wayar gaba ɗaya. Da ta kunnu, ta ce atafau sai an saka imel ɗin da ke kanta a da. Imel ɗin na malamar ne, ta manta kalmar sirrinsa, layin da ta buɗe shi da shi kuma ya daɗe da ɓata. Haka lambobin iyayen aji guda suka salwanta.

Wannan kullen ba lalacewa ba ce. Google ce ta saka shi tun daga Android 5.1 a 2015, don kada ɓarawo ya goge waya ya ci gaba da amfani da ita. Waya ba ta san ɓarawo ba, ba ta san hedimasta ba, imel kawai ta sani. Saboda haka abu na farko: asusun Google da ke kan wayar aiki na makaranta ne, ba na mai riƙe da ita ba.

Ka buɗe wa kowace waya nata asusun, da suna irin na aji. Ni ban cika son a ɗora asusu ɗaya a kan duka wayoyin ba, domin idan aka sace guda, ɓarawo na iya ganin abin da ke cikin sauran. Lambar dawo da asusu ta zama layin mai makarantar. Sannan ka samu littafi, na takarda nake nufi, ka rubuta imel, kalmar sirri, sunan wanda ke riƙe da wayar, da lambar IMEI wadda za ka gani idan ka danna *#06#. A kulle littafin a ofis.

Layin ma haka. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da NIN, don haka idan sim ya ɓata, wanda aka yi rajista da sunansa ne zai je a dawo masa da shi. In kun yi da sunan malamin wucin gadi, ranar da ya tafi ya tafi da lambar da iyaye suka sani, har da WhatsApp ɗin makarantar.

Sai kulle allo. A wajenmu waya kan wuni a shagon mai caji, hannu da yawa na taɓa ta. Ka saka lamba shida, ka bar zanen nan na yatsa da ake iya gane shi daga maiƙon da ke kan gilashi. Ka shiga saitin sanarwa ka hana saƙonni fitowa a allo idan waya na kulle. Mimori kuwa a cire shi, don ana iya zare shi a karanta a wata wayar ba tare da wata lamba ba. Ka tabbatar Find My Device, wanda yanzu ake kira Find Hub, yana kunne. Da shi za ka iya kulle ko goge wayar daga nesa, amma fa umarnin ba zai isa ba sai ta hau intanet.

Tunda wurin yara ne, dole wata rana a miƙa wa yaro waya ya kalli karatu. A saitin tsaro akwai App pinning, wanda ke maƙale waya a kan manhaja ɗaya, ba a fita sai da lambar sirri.

Don rajistar yara a inda sabis ke wahala, KoboCollect ko ODK Collect sun fi dacewa. Kyauta ne, suna aiki ba data, kuma irinsu ma'aikatan rigakafin shan inna suka daɗe suna amfani da su a Arewa. Sai dai a kula: fom ɗin da aka cike yana zaune ne a cikin wayar har sai an tura shi. In aka goge manhajar kafin nan, ya tafi. Ku tsayar da rana guda a mako da za a je inda sabis yake a tura komai.

Hotunan yara kuma ba na ɗorawa a sitatus ba ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta buƙaci izinin iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro.

Idan wayoyin sun kai ashirin ko fiye, akwai manhajojin da ke sarrafa su daga kwamfuta ɗaya, amma mai waya uku ba ya buƙatarsu.

Ranar da ma'aikaci zai bar aiki, a karɓi wayar a gabansa, a tura fom ɗin da suka rage, a canza lambar allo da kalmar sirrin imel, a gyara abin da ke cikin littafi. In kuma goge wayar za a yi, a fara shiga saiti a cire asusun Google daga kanta tukuna, sannan a goge.