CIWON FARIN ƊIGO NA KIFI

Jama'ar Dungas da Magariya, kiwon kifi ya shigo ƙasarmu. Wasu sun gina kwami na siminti cikin garka, suna sayo ƴaƴan tarwaɗa da karfasa daga Najeriya. Sana'a ce mai kyau. Amma akwai ciwon da ke iya gamawa da kifin kwami duka cikin ƴan kwanaki. Sunansa farin ɗigo.

Yaya ake gane shi?

Kama kifi ɗaya ka duba. Za ka ga fararen ɗigo-ɗigo a jikinsa, kamar an barbaɗa masa gishiri. Kifi mai ciwon yana goga jikinsa da bango. Yana ƙin abinci. Yana tasowa saman ruwa yana haki, domin ciwon ya kama wurin da yake numfashi. An fi ganinsa lokacin ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu.

Wata ƙaramar ƙwaya ce ke kawo shi. Wani masani Bafaranshe, Fouquet, ya yi bayaninta tun 1876. Ba ta kama mutum.

A nan sai mu natsu, domin nan ne masu kiwo ke yin kuskure. Ƙwayar tana shiga ƙarƙashin fatar kifi, tana ci. Muddin tana can, magani ba ya isa gare ta. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan kwami, ta rarrabu, ta zama ɗaruruwa. Ƙananan su bazu cikin ruwa suna neman kifi. Wadda ba ta samu ba cikin kwana 2, ta mutu. To, waɗannan na cikin ruwa su ne magani ke kashewa. Saboda haka in ɗigon ya ɓace, kada ka ce an warke. Ƙwayar ta sauka haihuwa ne.

Magani

Gishirin miya ya isa. Ga awo: rabin kilo na gishiri ga tano ɗaya na ruwa, mai lita 200. Narkar da shi cikin bokiti tukuna. Zuba rabi da safe, rabi da marece. A bar kifi cikin ruwan gishirin kwana 14, domin cikin sanyi ƙwayar tana jinkirin faɗowa. In ka zubar da ruwa tano ɗaya ka sa sabo, ƙara rabin kilo. Rage abinci. Kifin da ya mutu, cire shi ka binne.

Kanwa ba gishiri ba ce. Tana da araha a wajenmu, amma tana ɓata ruwa, tana kashe kifi. Kada a sa ta.

Babban tabki ba ya gishirtuwa. Can sai rigakafi. Sabbin ƴaƴan kifi, a ware su wuri dabam sati 3 kafin a gama su da sauran. Koma da bokiti a shanya su a rana su bushe sarai. In kifi na mutuwa a tabkin gari, a gaya wa ma'aikatan gandun daji na Dungas ko Magariya tun da wuri.

Lissafi don cibiya

Kwami yana cin ruwa tano 6. Lita nawa ke nan? Gishiri kilo nawa za a sa?