Jitar Bes Ta Gida: Wane Katako Za Mu Zaɓa?

A majami'u da yawa yau, in ƙungiyar mawaƙa ta tashi waƙa, akwai wata babbar murya da ke tafe a ƙasa tana riƙe da ganga da sauran kayan kiɗa. Muryar jitar bes ke nan. Sabuwa tana da tsada, wannan ya sa ɗalibai sukan yi tambaya ko mutum zai iya haɗa tasa a gida. Zai iya, in yana da haƙuri da kafinta mai taimako. Amma kafin a taɓa zarto sai a daidaita maganar katako, gama a nan ne aikin yakan gyaru ko ya lalace.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Jitar bes ta lantarki ba ta da rami a ciki kamar garaya ko goge. Jikinta dunƙulen katako ne. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗiso da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, makaɗa suna ce masa fikof. In aka kaɗa tsirkiyar ƙarfe, motsinta yakan haifar da 'yar wutar lantarki a cikin wayar, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mai da ita sauti. Tsirkiya mafi kauri a cikin huɗun tana rawa wajen sau 41 a daƙiƙa ɗaya. Leo Fender na Kalifoniya a Amurka shi ne ya fitar da irin wadda duniya ta karɓa, wato Precision Bass, a 1951, kuma har yanzu awon da ya bi ne yawancin masu ƙira suke bi.

Daga wannan bayani za mu ga cewa yawancin muryar daga tsirkiya da fikof da yatsun makaɗi take fitowa. Makaɗa sun daɗe suna gardama a kan ko irin katakon jiki yana sauya murya. A ganinmu, wanda yake aikinsa na fari ya bar musu gardamarsu. Babban aikin katako shi ne ya tsaya daram. Tsirkiyoyi huɗu in an ɗaure su suna jan wuyan jita da ƙarfin da ya kai wajen kilo 80, dare da rana, rani da damina. Wuyan kuwa siriri ne, dogo. In ya lanƙwashe, tsirkiya za ta yi nisa da yatsu ko ta riƙa gogar ƙarafan wuya tana zuza, kuma ba fenti ko ado da zai warkar da wannan.

Saboda haka tambaya ta fari a wurin 'yan katako ita ce, yaushe aka yanka wannan itace? Masu ƙera kayan kiɗa suna son katakon da ruwan cikinsa ya sauka zuwa kashi 6 ko 8 bisa ɗari. Katakon da babbar mota ta kawo daga kurmi jiya bai kusa da haka ba, ko da samansa ya yi kamar ya bushe. In aka sassaƙa wuya da shi a damina, hunturu na zuwa zai tsuke ya murɗe, bakin ƙarafan wuya su fito suna yankan hannu. Kafintoci suna da lissafi: shekara ɗaya ta shanya ga kowane inci ɗaya na kauri. A jera katakon a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakaninsu domin iska ta ratsa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a shafa wa bakunansa fenti kada su tsage. Akwai gwaji mai sauƙi: a riƙa ɗora shi a sikeli kowane mako ana rubutawa. Sa'ad da nauyin ya daina raguwa, ya bushe gwargwadon iskar wurin. Wanda ba zai iya jira ba, ya nemi tsohuwar ƙofa, ko ƙafar tsohon gado, ko bencin da aka riga aka yar. Irin wannan ya sha hunturu ashirin, ya gama duk motsin da zai yi. Ba mu ce kowa ya kwance bencin ajinsu ba.

Sa'an nan a dubi bakin katakon, wurin da zarto ya yanke. Za a ga layuka. Na wuya, a zaɓi wanda layukansa suke tsaye, kuma a tsawonsa suna tafiya sak daga wannan baki zuwa wancan, ba gaɓa, ba tsaga. A ɗaga shi a kai ido a bakinsa kamar mai duban kibiya. In ba a sami guda mai kyau ba, a tsaga sanduna uku a manne su da gam, ta tsakiya a juya ta. Kowace za ta hana 'yar'uwarta karkacewa, har irin wannan wuya yakan fi na katako guda aminci.

Yanzu mu zo ga sunaye. Fender ya yi wuyansa da katakon mefil, jikin kuma da ash, daga 1956 aka koma ga alda. Itatuwan Amurka ne, da wuya a gan su a kasuwanninmu, kuma ba dole ne a neme su ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, manyan kamfanonin ƙetare daga Afirka suke sayen katakon da suke taƙama da shi. Afara da muke yin tebur da shi, shi ne Gibson ya kira korina, ya yi jitarsa Flying V da shi a 1958. Kamfanin Warwick na Jamus, wanda aka kafa a 1982, ya yi suna da wuyan wenge da jikin bubinga, itatuwan kurmin Kamaru da Gabon da Kwango. A 2011 kuma kamfanin Taylor na Amurka ya shiga cikin sayen wata ma'aikatar yankan baƙin katako a Yawunde.

Domin jiki, afara muka fi yabawa. Yana da matsakaicin nauyi, yana yankuwa ba wahala, yana riƙe sukuru. Mahogani na kurmi ma haka. Ɗan'uwansa maɗaci, wanda yake ba mu inuwa a titunan Arewa, ja ne mai kyau amma ya fi nauyi, kuma mu tuna makaɗi zai rataya jitar nan a kafaɗa tun farkon sujada har ƙarshe. In ta wuce kilo 4 da rabi, kafaɗa za ta yi ƙara. Obece kuwa ba nauyi, amma taushinsa ya yi yawa: sukuru yakan kwance a cikinsa, kuma jiki marar nauyi yakan bar kan jita ya riƙa sunkuyawa ƙasa, hannun hagu ya koma ɗaukar kaya maimakon kiɗa. Ana bukatar falle mai tsawon santimita 50, faɗi 35, kauri milimita 45. In ba a sami mai faɗin nan ba, a haɗa biyu a tsakiya.

Domin wuya, mahogani mai layi madaidaici ko loko, wanda 'yan kasuwa suke kira iroko, za su yi. Ƙurar loko tana damun hanci da fata, sai a rufe hanci lokacin goge shi. Allon da yatsu ke dannawa yana son katako mai tauri ƙwarai, gama ƙarfe da farce za su ci shi shekara da shekaru. Madobiya ta dace da wannan aiki, sai dai an yi mata ɓarna. An sare ta ba kima ana kaiwa ƙasar Sin, musamman daga dazuzzukan Taraba, har a 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES take sa wa cinikinsu ido sosai. Allon yatsu ɗan falle ne mai kaurin milimita 6. Guntun tsohon kayan ɗaki ya isa, ba sai an kayar da itace ba.

Kowane katako aka zaɓa, wuya yana bukatar sandar ƙarfe mai noti a cikinsa. Ana fafe mata hanya a tsakiyar wuya kafin a manna allon yatsu. Ita ce ke ja da baya sa'ad da tsirkiyoyi suke ja gaba. Wannan sanda, da fikof, da kunnuwan ɗaure tsirkiya, da jakin da tsirkiyoyi ke hawa, saye ake yi, ko a ciro su daga matacciyar jita. Majami'u da yawa suna da irinta a jingine a ɗakin ajiya. In wuyanta yana da lafiya, shawararmu a ɗauke shi ɗungum, a sassaƙa jiki kaɗai a wannan karo.

Wanda ya nace sai ya yi wuyansa da kansa zai gamu da darasin lissafi. Daga bakin wuya, inda tsirkiya ta fara, zuwa jaki inci 34 ne, wato milimita 864. A raba 864 da 17.817, za a sami 48.5: wurin ƙarfe na fari ke nan. A debe shi, saura 815.5, a sake rabawa da 17.817, a sami 45.8, nisan na biyu daga na fari. Haka za a yi ta yi. In lissafin ya yi daidai, ƙarfe na 12 zai faɗa a milimita 432, rabin tsawon cif. Kuskuren milimita ɗaya kunne zai ji shi.

Sauran aikin na kafinta ne. A ja layi a tsakiyar jiki, duk awo daga gare shi zai tashi. A fafe gurbin wuya ya kama shi tsam, a ɗaure da sukuru huɗu kamar yadda Fender ya yi. Haɗin wayoyi a kai wa mai gyaran rediyo, a tuna masa da wayar da ke zuwa jaki, in ba haka ba lasifika za ta yi ta gunji. Bayan an ɗaura tsirkiyoyi, a bar jitar kwana biyu ko uku wuya ya saba da ja. In ya lanƙwasa gaba da yawa, a ɗaure notin sandar rubu'in juyi kawai, a jira zuwa gobe kafin a ƙara.