Darasin Kuza Ga Masu Haƙar Litiyam

Shekara da shekaru kamfanonin Turawa suna haƙar kuza a ƙasar Jos, suna kai ta Ingila. Da kasuwarta ta faɗi a 1985, sai aka bar manoma da ramuka cike da ruwa, inda mutane da dabbobi ke nutsewa.

Yau kuwa idon duniya yana kan litiyam, wato ma'adinin da ake yin batirin waya da na mota mai lantarki da shi. A 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa. To jama'a, kafin mai jari ya shiga gonakinku, ku nemi ganin lasisinsa. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta masa ƙulla yarjejeniya da mutanen gari, da kuma gyara ƙasar da ya haƙa.