ABIN DA KE SA INJIN MOTA SHAN BAƘIN MAI

Kowa ya taɓa ganin mota tafe tana tuttuɗo shuɗin hayaƙi a bayanta, direba kuwa duk tashar da ya tsaya sai ya sayi baƙin mai ya ƙara. Mutane su kan ce injin ya tsufa, shi ke nan. Amma mu da a ke koya wa ilmi, ya kamata mu san hanyar da man nan ya ke bi ya salwanta, gama wanda bai san ƙofar da ɓarawo ya ke shigowa ba, ba ya iya tsare gidansa.

Bari mu fara da ginin injin. A cikinsa akwai ramuka da a ke kira silinda, kowace da fistin a ciki, yana hawa yana sauka kamar taɓarya cikin turmi. Bisa kan fistin nan ne fetur da iska su ke gamuwa, a matse su, filogi ya ba da wuta su fashe, ƙarfin fashewar ya tura fistin ƙasa. Wannan tsari wani Bajamushe ne, Nikolaus Otto, ya daidaita shi a shekarar 1876. A ƙarƙashin fistin kuwa akwai kaskon baƙin mai. Watau wuta tana sama, mai yana ƙasa, fistin shi ne shamaki tsakaninsu.

To, ba shi yiwuwa a yi fistin ya cika silinda cif, domin ƙarfe ya kan kumbura in ya sha zafi, sai ya cije. Saboda haka a kan rage shi kaɗan, a yi masa ɗamara da waɗansu zobba masu tsauri, su ne makanikai ke kira ringi. Wani Bature na Ingila, John Ramsbottom, shi ya ƙago irinsu a 1852 saboda injin jirgin ƙasa mai tururi. Galibi ringi uku ne a jikin kowane fistin. Biyun sama aikinsu tare iskar wuta kada ta wuce ƙasa, na ukun kuwa shi ke kankare mai daga bangon silinda ya mai da shi kasko, ya bar ɗan shafe kaɗan don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Wanda ya taɓa ba keke iska da famfon da fatarsa ta ƙeƙashe, ya riga ya san abin da ke faruwa in ringi ya gaji.

Ko a sabon inji ma ringi ba ya toshe hanya sarai, don akwai ɗan tsagi tsakanin bakunansa biyu. Ta nan iskar wuta kaɗan ta kan sulale ta faɗa kasko. Wannan shi mu ke kira yoyon hayaƙi. Kaɗan ɗin nan ba laifi. Amma in ringi ya cinye, ko bangon silinda ya ƙarje, sai ƙofa ta buɗe ta fuska biyu: hayaƙi ya yi ƙasa, mai ya yi sama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ku dubi yadda ɓarnar nan biyu su ke ciyar da juna. Hayaƙin da ya sauka yana ɗauke da ɗanyen fetur, da tururin ruwa, da kunkunniya. Fetur ya tsinka man, ruwa da kunkunniya su mai da shi taɓo. Man da ya lalace ba ya kare ƙarfe, saboda haka ringi ya ƙara cinyewa. Man da ya hau sama kuma ya ƙone ya zama gawayi, gawayin ya cushe cikin kwarmin da ringi ke zaune, ringi ya manne, ya kasa buɗewa ya kama bango. Ban da wannan, iskar da ta taru a kasko tana neman mafita, sai ta turo mai ta bakin gaskit da robobin da ke toshe da mahaɗar ƙarafa.

Kada mu rena ɗigo. Lita guda wajen ɗigo 20,000 ce. Idan inji yana ƙone ɗigo ɗaya a kowace mita 50, kafin ya ci kilomita 1,000, watau kusan tafiyar Kano zuwa Ikko, ya shanye lita ɗungum. In kuwa direba ya yi sakaci har man ya yi ƙasa ƙwarai, sai inji ya buga, abin da ba ya gyaruwa da kuɗi kaɗan.

Me ke cinye ringi? A ƙasarmu babban abokin gabansa ƙura ce, tun ba da hunturu ba. Ƙwayar rairayi ta fi ƙarfen ringi tauri, in matacin iska ya yage, ko aka cire shi aka yar, sai inji ya yi ta shaƙar ta, tana goge silinda kamar dutsen wasa wuƙa. Na biyu shi ne zafi: in lagireto ya ƙafe inji ya tafasa, ringi ya kan rasa tsaurinsa. Na uku jinkirin juye, gama tsohon mai shi ke haifar da gawayi. Cika mai ya wuce alamar geji shi ma ya kan sa inji shan mai.

Amma fa ba kullum ne laifin ke wuyan ringi ba, nan ne kuwa mutane da yawa su ke hasarar dukiyarsu. Akwai waɗansu ƙananan robobi a wuyan bawul, in sun ƙeƙashe mai ya kan zurara ta nan ya shiga silinda. Akwai kuma wani ɗan bawul na numfashi, wanda ke janye hayaƙin kasko ya mai da shi cikin inji a sake ƙone shi. Da, bututu kawai a kan sa ya zubar da hayaƙin a hanya, sai a 1961 aka soma sa bawul ɗin nan a sababbin motoci a jihar Kalifoniya ta Amurka. In ya toshe, inji lafiyayye ma sai ya yi ta zubar da mai kamar wanda ya mutu, alhali kuwa kuɗin bawul ɗin bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka kafin a kwance inji, sai a bincika. Da fari a dubi ƙasa inda mota ta kwana, ko yoyo ne kawai. Sa'an nan a dubi hayaƙin salansa: baƙi na yawan fetur ne, fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa na ruwa ne, shuɗi shi ne na mai. In shuɗin ya fito da an ta da mota da safe, jim kaɗan ya ɗauke, a zargi robobin bawul. In kuwa yana ƙaruwa sa'ad da aka taka totur a hawa, a zargi ringi. A buɗe murfin zuba mai inji na aiki a hankali, in hayaƙi na bugowa da ƙarfi, yoyon ya yi yawa, ko kuwa bawul ɗin numfashi ya toshe. Daga ƙarshe makaniki ya auna ƙarfin matsin kowace silinda. Wadda ta gaza, ya zuba mata mai cokali guda ta ramin filogi, ya sake aunawa. In awon ya hau, ringi ne, domin man ya toshe tsagin na ɗan lokaci. In bai motsa ba, sai a nemi cutar wajen bawul ko gaskit.

To, 'yan'uwa, yawancinmu watan wata rana za a danƙa mana motar makaranta ko ta ma'aikata amana. Mu riƙa duba geji kowace safiya, mu kula da matacin iska da ruwan lagireto, mu yi juye kan kari. Kada kuma mu yarda a kwance inji sai an nuna mana shaida. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu amfana da abin da muka koya, amin.