In Murfin Taya Ya Faɗi

Duk wanda ya bi babbar hanya daga Maraɗi zuwa Damagaram yakan ga wani abu a bakin kwalta. Kamar faifai yake, fari ko ruwan toka. Yara sukan ɗauka su riƙa gara shi. Wannan abu shi ne murfin taya. Makanikai suna ce mishi anjolibar, sunan Faransanci ne. Mota ce ta faɗa rami, murfi ya fice, direba bai ko sani ba.

Ɗan'uwa mai karatu, a ƙafar mota murfi iri biyu ne. Ya kamata ka san bambancinsu.

Akwai babba, wanda kowa ke gani. Yana rufe janti, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai. Na motocin da, irin su Peugeot 504, na ƙarfe ne mai ƙyalli. Na yanzu galibi na roba ne. Aikinshi ado ne, sai kuma kare notuna daga laka da tsatsa. Mota tana iya tafiya shekara da shekaru ba shi. Ba abin da zai same ta.

Akwai kuma ƙarami. Bai wuce girman gwangwanin tumatir ba. Yana can tsakiyar ƙafa, a ɓoye. A motoci da yawa sai an cire babban ake ganin shi. Shi wannan ba na ado ba ne. Za mu dawo gare shi.

Bari mu fara da babba. In naka ya faɗi ko ya tsage, kada ka ruga kasuwa. Tsaya tukuna ka karanta jikin tayarka. Kowace taya tana da rubutu a gefenta. Goge ƙura da tsumma, za ka ga lambobi kamar haka: 175/70 R13.

Lamba ta farko, 175, faɗin taya ce. Ta biyu, 70, tana nuna tsayin gefenta. Waɗannan ba su dame mu ba yau. Wadda muke so ita ce ta ƙarshe, wadda ke bayan harafin R. Ita ce girman janti. Ana auna shi da inci. Inci ɗaya santimita biyu da rabi ne, da ɗan ɗoriya. Janti mai lamba 13 ya kai santimita 33. Mai lamba 14 ya ɗara santimita 35 kaɗan. Mai lamba 15 ya kai santimita 38. Ka ga bambancin ba shi da yawa. Ido ba ya rabe su da sauƙi. Amma murfi mai lamba 14 ba zai shiga janti mai lamba 13 ba, ko ka hau kanshi da ƙafa. Mai lamba 13 kuma zai yi sako-sako cikin janti 14, ramin farko ya yar da shi.

Saboda haka rubuta lambar a takarda, ka sa aljihu. In ka je wurin mai kaya, juya murfin ka duba bayanshi. Sau da yawa lambar tana nan a rubuce. Wanda bai iya karatu ba sai ya auna da igiya, ko ya yarda da bakin mai kaya. Mai kaya kuwa ciniki yake so. Kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci, ba mai ce maka 14 ne alhali 13 ne.

Yawancin motocinmu tsofaffi ne. Sun yi aiki a Turai, sannan suka zo ta jirgin ruwa, ta Kotonu ko ta Lome. Samun murfi irin na asali yana da wuya. Wani lokaci akan dace wurin masu saida tsofaffin kayan mota. In za ka sayi tsoho, duba haƙoranshi. A bayan murfi akwai ƴan haƙora na roba a kewaye, da zoben waya da ke tura su waje. Su ne ke kama janti. Zafin ranarmu yana busar da roba, haƙora su kakkarye. In biyu ko uku sun karye, ko zoben babu, bar mishi kayanshi, ko da fuskar tana ƙyalli. Sababbi kuwa galibi huɗu-huɗu ake saida su cikin kwali.

Kafin ka sa sabo, tambayi kanka: me ya fid da tsohon? Wannan tambaya ta fi murfin kanshi daraja. Shafa bakin janti da hannu. In rami ya lanƙwasa shi, sabon murfi ba zai zauna ba. Kuma daga nan iska ke zurarewa a hankali. Kai ma mai faci ya buge shi ya miƙe. Sannan ɗauki kile, wato sifana, ka gwada notuna ɗaya bayan ɗaya. Murfi yana da aibi guda: yana ɓoye notuna. Noti na iya kwancewa kwana da kwanaki ba wanda ya gani. In ka ga jan tsatsa ya zubo daga gindin noti, ko ramin noti ya yi faɗi, to, ƙafar tana motsi. Ƙafar da ke motsi wata rana za ta bar motar. In motar haya ce, rayukan mutane ne a ciki.

Sa murfi ba wuya. Wanke janti, ka cire tsakuwa da busasshiyar laka. Duba murfin, za ka ga wani ɗan yanka ko huda a gefe. Nan ne hancin iska ke leƙowa, wato wurin da ake ba taya iska. Zoben waya shi ma yana da ɗan lanƙwasa. Daidaita lanƙwasar da yankan, ka daidaita su duka da hancin iska. Fara turawa daga nan. Sannan ka bi kewaye kana bugawa da tafin hannu, har ka ji ya ce ƙas. Ban da guduma, ban da shuri. Roba ce, tsagewa za ta yi. In ka gama, sa yatsu ka ɗan ja. In wani gefe ya taso, sake bugawa.

Wasu motoci notunan taya ne ke riƙe da murfi. In ka ga kan notuna a waje, duba da kyau kafin ka sa turnabis ka ɓanɓare. Irin wannan sai an kwance notuna. Ajiye mota wuri mai tauri, ja birkin hannu, sa dutse bayan taya, sannan a ɗaga da kirik, wato jak. A cikin rairayi sa katako ƙarƙashin kirik. Wajen ɗaurewa kada ka bi notuna a jere. Ɗaure wannan, ka tsallaka zuwa na gabanshi. In an yi tafiyar kilomita 50, a sake gwada su.

Direbobin taksi sukan ɗaure murfi da waya ko igiyar roba. Dabara ce mai kyau a hanya mai gargada, tana kuma rage ma ɓarawo hanzari. Sai dai ka ajiye abin yankewa cikin mota. Ranar da taya ta yi faci cikin dare, za ka neme shi.

To, mu koma ga ƙaramin murfi. A tsakiyar ƙafa akwai rulma, wanda wasu ke ce ma boris. A kanshi ƙafa ke juyawa. Rulma yana cikin giris, ƙaramin murfi kuma shi ne ƙofar ɗakin. In ya faɗi, rairayi ya samu hanya. Ƙasarmu kuwa ba ta rasa rairayi ba, balle lokacin hunturu. Rairayi da giris in sun haɗu, sun zama kamar dutsen niƙa. Rulma zai fara gurnani. Tsakiyar ƙafa za ta yi zafi, har hannu ya kasa taɓawa. Daga nan sai ya maƙale ko ya watse, a tsakiyar daji. Kuɗin rulma da na jan mota sun ninka kuɗin murfin sau da yawa.

In ka ga ba shi, kada ka ce sai gobe. Rufe wurin da tsumma mai tsabta ko gwangwani, ka isa gareji mafi kusa. Amma kada ka bari makaniki ya buga sabon murfi a kan datti. Ya fid da rulma, ya wanke da kananzir, ya duba ko ya ci. Ya sa sabon giris. Ya maida ɗan ƙusan da ke hana babban noti juyawa. Sannan ya ɗora katako a kan murfi, ya buga a hankali har ya zauna daidai.

Mai amalanke, wannan magana ta shafe ka. Ƙafafun amalanke da yawa suna da rulma irin na mota, kuma cikin rairayi suke wuni. In jaki ko sa yana ja da ƙyar alhali kaya ba su yi yawa ba, ɗaga ƙafar ka juya ta da hannu. In ka ji ƙarar yashi, a wanke, a sa giris, a rufe.

Aikin gida: je tasha ko bakin kasuwa da littafinka. Gai da direbobi, ka roƙi izni. Karanta lambar tayoyin motoci biyar, ka rubuta. Ja layi ƙarƙashin lambar da ke bayan R. Mota nawa ke iya aron murfin juna? Kawo amsa aji ranar karatu mai zuwa.