Yadda Ake Bincike Kafin a Zana Fosta

Duk wanda aka ɗora wa nauyin zana fosta, ta kiwon lafiya ce ko ta talla, ya wajaba ya san cewa idonsa, kome gwanintarsa, ba hujja ba ne a kan abin da jama'a za su gani, domin shi ya san maƙasudi tun bai ɗauki alƙalami ba, alhali mai wucewa ba shi da kome sai abin da takarda ta nuna masa. Bari mu yi misali da fostar da ke kiran mutane su riƙa kwana cikin gidan sauro.

Da fari ka rubuta mas'alar cikin jimla guda, wato wa ake nufi, kuma me ake so ya aikata. In jimlar ta ƙi tsayuwa, to ka koma wurin mai aikin, don shi ma bai gama tunani ba.

Sa'an nan ka fita ka je inda za a manna fostar, bangon asibiti ne ko tashar mota, ka auna nisan da mutum zai tsaya, ka duba ko rana na dukan wurin, ka ɗauki hotunan fostocin da suka riga ka. Ka nemi izini ka leƙa ɗakunan kwana kuma, domin wanda ya zana gadon ƙarfe ga mutanen da ke shimfiɗa tabarma ya ce musu ke nan maganar ba tasu ba ce. Marie Neurath, wadda ita da mijinta Otto suka shahara da tsarin bayani da hotuna da ake kira Isotype, da ta zo yi wa gwamnatin Jihar Yamma aiki a Ibadan cikin shekarun 1950, sai da ta sake kamannin mutanen da ke cikin zanenta suka dace da na ƙasar.

Bayan haka sai batun rubutu, boko ko ajami, wanda ba a yanke shi daga ofis. Wanda ya tuna muhawarar da ta tashi a 2007, sa'ad da aka cire ajami daga ƙananan takardun Naira, ya san cewa harafi yana ɗauke da ma'ana fiye da lafazinsa. Ka tambayi mutanen wurin wanne suke karantawa. In boko ne, ka jarraba salon haruffan da ka zaɓa a kwamfuta, ka tabbata yana da ƙ da ɗ da ɓ, don kada ƙofa ta koma kofa.

To, ga inda aikin yake. Ka yi zane biyu ko uku mabambanta, ka rufe rubutun, ka nuna wa mutane ɗaya bayan ɗaya, kada ka tara su, domin a cikin taro da zarar babba ya faɗi ra'ayinsa sauran sai gyaɗa kai. Kuma kada ka kuskura ka ce, "Ya yi kyau?" Bahaushe mai kara ne, ba zai kushe aikin baƙo a gabansa ba, zai ce madalla ya sallame ka da hannu wofi. Ka ce, "Baba, me ka gani a nan?" ko "Inna, me matar nan take yi?" sa'an nan ka kame bakinka. In ka zana sauro ƙato don ya fito sosai, kana iya jin an ce irin wannan dabba babu ita a garin nan; in ka yanke hoton yaro daga ƙugu, wata za ta tambaye ka ina ƙafafunsa. Ni a ganina gara ma ka ɓoye cewa kai ne mai zanen. Wajen matan kulle kuwa sai ka wakilta mace, ka koya mata tambayoyin.

Ka rubuta amsar kowa da lafazinsa, ba da fassararka ba, kuma duk kuskuren fahimtar da ya maimaitu a bakin mutum biyu ko uku ka lissafa shi laifin zane. Ka gyara, ka kai wa waɗansu mutane dabam da ba su ga na farko ba. In sun faɗi saƙon da kansu, sai ka buga kwafi ɗaya a ainihin girman fostar, ka manna a bangon, ka ja da baya zuwa nisan da ka auna, ka karanta kafin ka kai wa maɗaba'a.