Amsoshin Tambayoyinku: Mene ne Aikin Shugaban Masu Bincike?

Wani ɗalibin kimiyyar halittu ya rubuto mana daga Zariya. Ya ce ya karanta cewa wani farfesa a Japan ya mai da ƙwayar fata ta koma kamar ta ɗan tayi, har aka ba shi kyautar Nobel, amma da ya bi diddigi sai ya tarar ɗalibinsa ne ya yi gwajin da hannunsa. Tambayarsa ita ce: in haka ne, me shugaban masu bincike yake yi? Ko yara ne ke shan wahala, shi kuwa ya sa hannu ya karɓi yabo?

Na ji daɗin wannan tambaya, ɗana, domin ta nuna ba ka tsaya a kanun labari ba. Bari mu share fage tukuna.

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta, ƙananan da ido ba ya gani sai da madubin ɗakin gwaji. Dukkansu daga ƙwaya guda suka fito, wadda ta samu lokacin da ciki ya shiga. Ta rabu biyu, biyu suka zama huɗu, a hankali wasu suka zama fata, wasu jini, wasu ƙashi. Masu nazarin wannan tafiya su ne masana ginuwar halitta. Maƙwabtansu kuma su ne masu nazarin sake tsirowar jiki, waɗanda ke tambayar abin da kowane yaro ya taɓa tambaya: me ya sa ƙadangare ke sake wutsiya, amma mutum ba ya sake yatsa? Mu ma muna da ɗan rabonmu, don hanta tana cike gurbin abin da aka yanke mata, ɓargo kuma kullum yana ƙera sabon jini. Irin ƙwayoyin da ke ƙera jinin nan, waɗanda ba su gama zaɓen abin da za su zama ba, su za mu kira ƙwayoyin tushe.

Farfesan da ka karanta labarinsa shi ne Shinya Yamanaka. Ɗalibin kuma Kazutoshi Takahashi. Gaskiya ne Takahashi ne ya zauna yana zuba ruwan magani a kan ƙwayoyin ɓera dare da rana. Amma ka ɗan koma baya.

Yamanaka likitan ƙashi ne da ya bar tiyata ya koma bincike. A 1999 ya sami ɗakin gwajinsa na farko a wata cibiyar kimiyya da ke Nara, ƙaramin ɗaki, ba suna, ba kuɗin kirki. Shekara guda kafin nan James Thomson a Amurka ya yi nasarar raya ƙwayoyin tushe daga ɗan tayin mutum mai kwana kaɗan, duniya kuma ta rabu a kan halaccin hakan, tun da sai an lalata tayin. Manyan ɗakunan gwaji duk sun dunguma wuri guda: yadda za a sa waɗannan ƙwayoyi su zama zuciya ko jijiya. Yamanaka ya san ba zai iya tsere da su ba. Sai ya juya akalar tambayar: ko za a iya ɗaukar ƙwayar babban mutum a mai da ita baya, ba tare da an taɓa tayi ba? Yana da madogara. Tun 1962 John Gurdon a Oxford ya ciro cibiyar ƙwayar hanjin talibambam ya sa a ƙwan kwaɗon da aka cire wa tasa, sai ga sabon talibambam yana iyo. Wato ƙwayar da ta girma ba ta jefar da littafin umarninta ba, rufe wasu shafuka kawai ta yi.

To, wannan shi ne aiki na farko, kuma a ganina shi ne mafi nauyi: zaɓen tambaya. Kakanninmu fatake sun san haka. Madugu ba shi ke ɗaukar kayan kowa ba, amma shi ke cewa ta nan za a bi, in kuwa ya zaɓi hanyar da ba rijiya, ƙarfin jakuna ba zai ceci ayari ba. Ɗalibin digiri na uku yana da shekara huɗu ko biyar na ƙuruciyarsa. Shugaban da ya ɗora shi a kan tambayar banza ya cinye masa su.

Daga nan ɗakin ya yi shekaru yana tace ƙwayoyin gado, wato umarnin da ke cikin cibiyar ƙwaya, har aka tsaya a kan 24 da ake zaton su ke riƙe da sirrin ƙuruciyar ƙwaya. Aka gwada su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi aiki. A nan ne Takahashi ya zuba duka 24 gaba ɗaya, sai ƙwayoyin suka juya. Ya riƙa cire ɗaya yana barin 23, don ya ga wanda in babu shi abin ba ya yiwuwa, har suka rage 4. A 2006, bayan sun koma Jami'ar Kyoto, suka buga sakamakon a mujallar Cell, sunan Takahashi a farko, na Yamanaka a ƙarshe. Ka lura da wannan tsari, don al'adar fannin ce: na farko shi ne mai aikin hannu, na ƙarshe shi ne shugaban ɗakin. A 2007 suka maimaita da fatar mutum. Ƙwayoyin su ake kira iPS. A 2012 aka raba Nobel tsakanin Yamanaka da Gurdon.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai shugabannin da zarginka ya dace da su, masu liƙa sunansu a kan aikin da ba su ko karanta ba. Kuma ko inda ba zalunci, kyautar Nobel ba ta wuce mutum uku a fanni guda, alhali bincike aikin gayya ne. Wannan gibi ne na gaske, ina kuma ganin ya kamata a riƙa faɗin sunayen irin su Takahashi da babbar murya.

Sai dai akwai aikin da ba ya fitowa a jarida. Shugaba shi ne mai shakkar sakamakon da ya fi kowa so ya zama gaskiya. Ɗaya daga cikin umarnin nan huɗu, c-Myc, an san shi da alaƙa da ciwon daji. Ɗakin Yamanaka da kansa ya bayyana a 2007 cewa kusan kashi 20 cikin 100 na ɓerayen da aka samu daga waɗannan ƙwayoyi sun yi ƙari. Haka nan Masayo Takahashi, wata Takahashin daban, likitar ido da ta jagoranci wata tawaga a cibiyar RIKEN da ke Kobe. A 2014 tawagarta ta dasa wa wata dattijuwa mai lalacewar ganin tsufa tantanin ido da aka ƙera daga fatarta, karo na farko a duniya. Da aka zo kan majinyaci na biyu, aka ga wasu sauye-sauye a ƙwayoyin gadon ƙwayoyin da aka ƙera masa, sai aka fasa dashen. Duniya na kallo, kuɗi sun tafi, amma aka tsaya. Ɗalibi ba shi da hurumin yanke irin wannan hukunci.

Ka riƙe wannan a ranka duk lokacin da wani ya tallata maka ƙwayar magani ko garin sha da sunan ƙwayoyin tushe, wai yana warkar da komai. Abin da aka daɗe da tabbatarwa a wannan fanni shi ne dashen ɓargo, wanda ake yi wa masu cutar dajin jini da wasu masu sikila, aka kuma fara yinsa a Nijeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011. Aikin asibiti ne mai tsada da haɗari, ba abin haɗiya da ruwa ba.

Sai maganar ciyar da gida. A 2010 aka kafa cibiyar binciken ƙwayoyin iPS mai suna CiRA a Kyoto, Yamanaka ya zama shugabanta, da ɗaruruwan ma'aikata a ƙarƙashinsa. Mafi yawansu suna kan kwantiragin 'yan shekaru, don kuɗin bincike na gwamnati da wa'adi yake zuwa. Ƙwayoyi kuwa ba su san hutun ƙarshen mako ba, kusan kullum sai an sauya musu ruwan abinci, kuma ƙwararren ma'aikacin da ya iya renonsu in ya tafi, da wuya a maye gurbinsa. Don haka mutumin da ya ci Nobel ya riƙa shiga gudun fanfalaki na kilomita 42 yana roƙon jama'a gudummawa, domin a riƙe waɗannan mutane. Ƙara da rubuta takardun neman tallafi, kare haƙƙin mallakar fasaha, zama da kwamitin ɗa'a da hukumomin magani, da sasanta ma'aikata biyu da ke rigima a kan wa za a fara rubuta sunansa.

Na bar mafi ɗaci a ƙarshe. A Janairun 2018 Jami'ar Kyoto ta bayyana cewa wani matashin malami a CiRA ya ƙirƙiri alƙaluma a wata takarda da ya buga. Yamanaka ba ya cikin marubutan takardar. Duk da haka shi ya tsaya gaban 'yan jarida ya sunkuya ya nemi gafara, domin a gidansa abin ya faru, kuma tsarin duba littattafan gwaji da cibiyar ta kafa bai kama ƙaryar ba. Wanda sunansa ke gaba ranar yabo, shi ake nema ranar da asiri ya tonu.

Kan ko shugaba yana taɓa kwalba da hannunsa kuwa, yawancinsu lokaci ba ya barinsu, kuma da yawa suna kewar hakan. A ƙarshen Maris 2022 Yamanaka ya sauka daga shugabancin CiRA bayan shekara 12, wani Takahashin daban, Jun Takahashi, mai binciken cutar Parkinson, wadda ke sa karkarwar jiki, ya gaje shi. Dalilin da Yamanaka ya bayar shi ne yana so ya koma ga binciken kansa.